Motar da Ke Share Gilashinta da Kanta

Maza a gidan su mijina ba sa tsufa da idanunsu. Ranar da aka fara kai ni gaisuwa ƙauyensu, can bayan Kagoro a gindin dutse, na tarar da surukina zaune a ƙarƙashin mangwaro, idanunsa a buɗe tar, babu yana babu kwantsa, amma sai ya miƙo hannu yana laluben inda muryata take. Ƙanensa ma haka ya ƙare. Yayan mijina kuwa tun furfura ba ta gama fito masa ba ya fara tafiya da sanda. Mutanen ƙauye suna cewa abin gida ne, wai wani kakansu ya ga abin da bai kamata ya gani ba a kan dutse, shi ake biya har yau.

Mijina malamin fiziks ne a wata sakandare a Kafanchan, kuma dattijo ne a ikilisiyarmu. In aka ɗauko zancen kakan nan a gabansa, dariya yake yi har da dukan cinya. Amma ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san dariyar iyakarta baki. Na sha tashi da safe in same shi tsaye a bakin taga, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu yana kallon hasumiyar coci, sannan ya sauya ya rufe ɗayan. Da ya ji motsina sai ya yi kamar fuska yake gogewa. Mutuwa ba ta ba shi tsoro kamar yadda makanta take ba shi.

Malam nake ce masa, kamar kowa. Shi kuma Mama yake ce mini tun da muka haifi 'yarmu ta fari. Ni malamar firamare ce, na saba maimaita magana ɗaya har sai ta shiga kan mutum, kuma Allah bai yi ni da bakin shiru ba. Safe da yamma waƙata ɗaya ce: mu je a duba idon nan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shi kuwa in ya ji sunan asibitin ido sai ya tuna yana da takardun yara da bai duba ba.

Wata rana muka yi ta sosai, har na ƙi dafa abinci. Da yunwa ta ci shi sai ya zo ya zauna kusa da ni a bakin kicin ya ce, "Mama, ji nan. Kowace Asabar ni nake kai ki Kagoro wurin Baba, ni nake dawo da ke. Ranar da na kasa, ki kama hannuna ki kai ni duk asibitin da kika ga dama, ba zan ce uffan ba. Kafin ranar, ki bar ni in sha iska."

Na yarda. A ganina magana ce ta masu hankali, tunda makaho ai ba ya tuƙi.

Lokacin wata akwala muke da ita, wadda sai an yi mata addu'a da turi take tashi. Daga ranar na zama 'yar sanda a kujerar gaba. Ba hanya nake kallo ba, hannun Malam nake kallo. In ɗigon ruwa na farko ya faɗo a gilashi, yaushe zai kai hannu ya kunna waifa, sandunan nan biyu masu share ruwa? In gari ya fara duhu, yaushe zai kunna fitila? Muddin hannunsa ya riga bakina, sai in ce a raina, yauwa, idon yana nan. Shekaru muka yi a haka, hannun bai taɓa makara ba.

Sai akwalar ta mutu murus, Malam ya tafi Kaduna ya dawo da wata Beljiyam mai ruwan toka, tsohuwa a wurin masu ita, sabuwa fil a wurinmu.

A ikilisiyarmu mota ba ta fara aiki sai an miƙa ta ga Ubangiji. Bayan sujadar Lahadi aka kewaye ta a filin coci, matan zumunta da kayan kiɗansu, yara suna leƙen fuskarsu a jikin ƙofa. Fasto ya ce a tayar da ita, don addu'a ta sami injin yana aiki. Malam ya tayar, ya fito ya tsaya tare da mu. Aka shafa man zaitun a tayoyi, aka shafa a sitiyari. Sai fasto ya buɗe robar ruwa ya watsa a gilashin gaba, yana cewa ba haɗari, ba jini a kan hanya.

Fat! Sandunan nan suka miƙe suka share ruwan, alhali ba kowa a cikin mota. Ɗaya ta kama hannun kwat ɗin fasto. Bawan Allah ya yi tsalle baya har robar ta faɗi. Mata suka watse suna "Jinin Yesu! Jinin Yesu!" Wata tsohuwa da ke zama a bencin gaba ta riƙe zanina ta ce, "Madam, ku mayar musu da abin su. Motan nan yana da mutum a ciki."

Malam ya yi dariya har ya durƙusa. Wannan dariyar kam daga ciki ta fito. Fasto da ya dawo hayyacinsa ya sake watsa ruwa da gangan, ta sake sharewa, sai tsoro ya koma tafi. Ranar ba wanda ya tafi gida da wuri, kowa sai ya kawo ɗan ruwansa ya gwada.

Da yamma a gida na ce masa to, malamin fiziks, wane ne mutumin da ke ciki? Abin nema ya samu. Ya sa na ɗebo ruwa a kofin gilashi, ya ɗiga madara kaɗan a ciki, ya ja labule, ya ɗauko 'yar tocilan mai jan haske da yake nuna allo da ita. Ya haska daga gefen kofin ta ƙasa, a karkace. Na ga jan zaren hasken ya hau ya bugi saman ruwan, maimakon ya fita sai ya lanƙwasa ya dawo ƙasa. Ya ce haka haske yake: in ya zo a karkace sosai, ya iske iska ce a waje, ba ya fita, dawowa yake yi.

Sannan ya ja ni cikin mota ya nuna mini wani ɗan akwati baƙi a bayan madubin tsakiya, girmansa bai fi kwalin ashana ba, manne da gilashi. Ya ce tsakaninsa da gilashin akwai wani danƙo garai-garai da ke haɗa su, ba ya barin iska ta shiga. A cikin akwatin akwai ƙananan fitilu masu fitar da irin hasken da idon mutum ba ya gani. Suna harba shi a karkace cikin kaurin gilashin. In waje a bushe yake, hasken zai bugi fuskar gilashin ta waje ya dawo dukansa, wani abu a cikin akwatin ya karɓe shi. Amma in ɗigon ruwa ya zauna a wurin, hasken ya sami ƙofa, sai wani sashe ya bi ta cikin ɗigon ya gudu. Abin da ya dawo ya ragu kenan. Motar ta lura, ta tayar da waifa. In kaɗan ya ragu, ta share sau ɗaya ta huta. In yana ta raguwa da sauri, ta san ruwa ya sauko da gaske, ta ƙara gudu.

"Ba ta san ruwa ba, Mama," in ji shi. "Abin da ta sani kawai, ta aika haske bai dawo duka ba."

Na ce, "To in tsuntsu ya yi kashi a wurin fa?"

Ya ce za ta iya ɗauka ruwa ne. Haka kuwa aka yi. Asabar ta farko da muka ajiye ta a ƙarƙashin mangwaron Baba, muna tayarwa ta shafe mana gilashi da kashin tsuntsu daga wannan gefe zuwa wancan. Na ce ga mai wayo nan ta nuna hali.

Malam ya so motar nan kamar ɗiyarsa. Kowace shekara in ya kai darasin haske sai ya fito da 'yan ajinsa filin makaranta, ya tsoma tsintsiya a bokiti kamar mai shirin shara, ya yayyafa a gilashi. Yayyafi kaɗan, ta share a hankali. Ya ƙara, ta ƙara. Har yau ina haɗuwa da manyan mutane a kasuwa da suke ce mini ba su manta darasin tsintsiya ba. Fitilun motar ma su suke kunna kansu in gari ya yi duhu. Ni ma na yi fariyata a zumuntar mata, ba zan ɓoye ba. Ina zaune a kujerar gaba kamar matar gwamna, ruwa na zuba, gilashi tas, Malam riƙe da sitiyari hannu biyu. Hannun da na yi shekaru ina gadi ya daina samun aikin da zai nuna mini komai, ni kuwa ban ga an ƙwace mini ma'aunina ba.

A gida abubuwa suka fara faruwa, ƙanana ƙanana. Ya yi tuntuɓe da bokitin da ke tsakiyar tsakar gida, ya ce wa ya ajiye shi a hanya. Na miƙa masa kofin shayi ta gefe, ya bar ni riƙe da shi yana ci gaba da magana. A coci mutum zai miƙo masa hannu daga hagu ya wuce shi, har aka fara cewa tun da Malam ya sayi mota ya daina gaisuwa. Ya je wurin masu baza tabarau a faranti a bakin kasuwa, ya yi ta gwadawa a kan Littafi Mai Tsarki har ya sami wanda ya ƙara masa girman baƙaƙe, ya dawo yana ce mini an gama magana, tsufa ne kawai. Kuma gaskiya yana karatu. Abin da ke gabansa tsaf yana ganinsa, shi ya sa bakina ya rasa inda zai kama.

Duk lokacin da na ɗaga zancen, amsa ɗaya ce: "Asabar da ta wuce wa ya kai ki Kagoro?"

Shi ya kai ni. A hankali yake tafiya, yana bin tsakiyar titi, ya san kowane rami kamar ɗakinsa. Ni kuma ban san lokacin da na koyi cewa "mashin na zuwa ta hagu" ko "akwai akuya" ba. Na ɗauka surutuna ne na kullum.

Wanda ya fara faɗa a fili surukina ne. Ni 'yar wajen Zonkwa ce, yarensu ba nawa ba ne, saboda haka in Baba yana so magana ta tsaya tsakaninsa da ɗansa da yare yake yi, in yana so in ji sai ya juya Hausa. Wata Asabar mun kai masa acca da busasshen kifi, Malam ya taho daga mota zai gaishe shi, tsohon ya karkata kai yana saurare. Da Hausa ya yi magana.

"Ɗana, tafiyan ka ya canja. Da kana taka ƙasa ne. Yanzu kana tambayan ta kafin ka taka."

Malam ya ce takalmi ne ya yi masa yawa. Baba ya juya fuskarsa wajen da nake tsaye ya daɗe a haka. A hanyar dawowa na buɗe wuta. Na ce ko makaho ya gani, sai kai mai digiri? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Malam! Ya ce, "Wa ya kawo ki? Wa yake mayar da ke?" Muna cikin haka hadari ya sauko daga kan dutse, waifa ta tashi da kanta, fitilu suka kama, muka shiga Kafanchan lafiya lau. Na ja bakina na yi shiru, don alkawari alkawari ne. Wannan damina ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

Da rani wata tifa mai ɗauke da tsakuwa ta wuce mu, dutse ya faɗo ya tsaga gilashin daga sama har ƙasa. Muka kai motar wurin wani Ibo mai sayar da gilashin mota, haifaffen kwatas ɗin reluwe, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Ya samo mana wani gilashin. Da ya zo ɓamɓare ɗan akwatin daga tsohon, danƙon nan ya yage. Ya nemi irinsa a garin bai samu ba, ya manna shi da gam ɗin da yake da shi. Ya shiga ya murɗa sandar kunna waifa da ke jikin sitiyari, ta share sau ɗaya. Ya ce, "Oga Malam, ka gani, yana aiki." Kowa ya gamsu. Daga baya na san cewa motar takan yi wannan sharar guda duk lokacin da aka murɗa sandar zuwa wurin da waifa ke aiki da kanta, ko akwatin na aiki ko ba ya yi. Ba na ganin laifin mutumin. In ma wani abu ya yi mini, alheri ne, sai dai ya zo a makare.

Ruwan farko na shekarar ya same mu a hanya, ranar Asabar da la'asar, muna dawowa daga wurin Baba. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, yayyafi ne siriri wanda ba ya ƙara a kan rufi. Gilasai a rufe, waƙoƙin zumunta suna tashi a rediyon mota, Malam yana bi da ƙaramar murya. Ƙurar hanya ta riga ta kwanta a gilashin gaba, yayyafin ya sauka a kanta, ta fara zama laka. Na jira waifa ta tashi. Ba ta tashi ba. Na ƙara jira. Bishiyoyi suka narke, titi ya ɓace, ban iya rarrabe komai ba sai wani jan haske can gaba da nake zaton bayan bas ne.

Na ce, "Malam, waifa."

Ya ce, "Me za ta share? In ruwa ya fara za ta tashi da kanta."

Na juya na kalle shi. Fuskarsa a kwance, ba ya leƙe, ba ya matse ido, gudun da yake yi bai ragu ba. Ni ina mutuwa da tsoro don ba na ganin hanya, shi kuwa babu abin da ya sauya masa. A nan na gane. Abin da nake gani ta cikin lakar nan, shi yake gani kullum, rana da inuwa, tun ban san yaushe ba.

"Tsaya! Malam, don girman Allah tsaya!"

Ya taka birki ya gangara gefe yana faɗa, wai zan sa shi ya buga mutum da wannan ihu. Na sauke gilashin gefena. Wata mata da itace a ka tana tsaye a bakin titi, dab da hancin motar ta gefen dama, ta ƙame, bakinta a buɗe. Na ce, "Malam, me ke gabanmu?" Ya ce, "Hanya." Matar ta ja da baya ta shiga ciyawa, ta wuce tana waiwaye tana zaginmu da yare.

Ya buɗe ƙofa ya fita don ya nuna mini ba komai. Yayyafin ya sauka a fuskarsa. Na ga ya tsaya cak. Ya zagayo gaban motar yana dafa ta, ya ɗora tafin hannu a gilashin ya ja. Ya ɗaga hannun kusa da fuskarsa, ya yi ta juya kai har ya sami inda zai gan shi. Laka ce jawur.

Na fito na tsaya kusa da shi. Na zaci zai yi kuka ko ya yi faɗa. Sai ya fara yi mini darasi. Ya ce iska ce ta shiga tsakanin akwatin da gilashi, gam ba ya aikin danƙo, hasken ba ya shiga inda ya kamata, shi ya sa motar ba ta san an jiƙa ta ba. Ya yi ta bayani, ruwa na jiƙa mana kaya, masu mashin na wucewa suna kallonmu. Ni mai baki, ranar ban katse shi ba. Da maganar ta ƙare masa ya zare makulli ya sa mini a hannu, sannan ya bar hannunsa a cikin nawa. Wani ɗan ikilisiyarmu da ya zo wucewa shi ya tuƙa mu gida.

A bas muka je asibitin ido a Jos. Likitar mace ce, ba ta kai 'yarmu ta fari shekaru ba. Ta auna, ta leƙa, sannan ta sa shi ya ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da ƙwarya, ta ba shi abin dannawa, ta ce duk lokacin da ya ga ɗigon haske ya danna. Ina zaune a bayansa, ina hango hasken yana ƙyaftawa nan da can a cikin ƙwaryar. Malam na riƙe da abin, yatsansa a shirye, yana jira a fara. Can sai ya tambaya ko an kunna.

Hawan jinin ido ne, in ji ta. Ruwan cikin ido ne ba ya samun hanyar fita, yana danne jijiya a hankali, ba ciwo ba ja, yana ci daga gefe yana barin tsakiya sai ƙarshe. Yana bin jini, uba ya ba ɗa. Idonsa na hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, shi ma ya dusashe. Na ce to a yi aiki mana, ko nawa ne. Ta ce abin da ya mutu a jijiya ba ya dawowa, magani sai dai ya riƙe abin da ya rage, in ya riƙu. Ta tambaya me ya hana mu zuwa da wuri. Na ce yaushe ne da wuri? Ta ce da an kama shi 'yan shekarun baya, da ɗigon magani safe da yamma zai iya tsufa yana karatunsa. Ta tambayi Malam ko ya daɗe da daina tuƙi. Ya ce ranar Asabar. Ta ajiye biro ta kalle ni.

Ɗigon magani! Abin da ya cinye mazan gida guda, aka ɗora wa kaka da dutse, ashe 'yar kwalba ce da ba ta kai yatsana ba take tare shi. Na yi kuka a bas tun daga Jos har gangaren Kagoro, ban damu da masu kallo ba.

Na ji haushin motar nan, har yau ina ji. Wasu mutane sun zauna a ƙasarsu sun ga cewa kai hannu ga sandar waifa wahala ce, suka ƙera abin da zai ɗauke wa mutum ita. Sun kyauta wa masu ido. Ni abin da suka ɗauke mini shi ne 'yar alamar da nake riƙe da ita. Na ji haushin Malam da alkawarinsa mai kama da hankali. Na ji haushin Ubangiji ma, na kuma gaya masa, don ban iya munafunci ba ko a addu'a. A zumunta in an tayar da waƙar godiya bakina ba ya buɗewa. Mutane sun zo da man zaitun, sun zo da azumi, an shafa, an yi ihu a falonmu. Daga ƙauye kuma aka aiko cewa abin gida ya iso kansa. Malam ya ji, wannan karon bai yi dariya ba.

Ya bar koyarwa kafin lokacinsa. Safe da yamma ina ɗaga masa fatar ido ina ɗiga magani, kowane komawa asibiti kuma ana ce mana ya ɗan ƙara raguwa. Ba na sa rai kuma. Na daina cewa Allah zai yi, don na gaji da ganin yadda yake juyo da fuska in na faɗa.

Baba dai yana can yana jiran acca kowace Asabar, saboda haka da furfurata na koyi tuƙi. Masu mashin na Kafanchan sun sha zagi a bakina, ni ma na sha a nasu. Mai gilashi ya aiko cewa ya samo danƙon daga Legas, in kawo mota ya gyara akwatin. Na ce ya riƙe abinsa. Da hannuna nake kunna waifa, da hannuna nake kashewa. Malam yana zama a kujerar da na yi shekaru a kai, ya miƙe wuya gaba, yana neman hanya ta 'yar ƙofar da ta rage masa. Yakan ce mini, "Mun wuce gada, ko?" ko "Rage gudu, akwai rami a nan." Yawanci daidai yake faɗa, ni kuma ina ce masa haka ne, Malam.

Wata Asabar bayan an gama girbi muka kama hanya da hantsi. Gari garau, rana ta fito sosai, dutsen Kagoro a gabanmu ana iya ƙirga bishiyoyin kansa. Da safen ni da kaina na wanke gilashin da sabulu na goge shi da jarida. Mun fita gari kaɗan sai na ga Malam yana matsowa gaba, yana ja da baya, yana karkata kai.

Ya ce, "Mama, gilashin nan ya yi dishi-dishi. Share shi mana."

Na kai hannu na murɗa sandar. Robar ta bi busasshen gilashi tana ƙara, ƙiii, ƙiii.

"Sa ruwa."

Na danna, ruwa ya feso, sandunan suka share shi tas. Ya zuba ido a gabansa, suna wucewa ta gaban fuskarsa suna dawowa.

"Suna tafiya?"

"Suna tafiya, Malam."

"Ina jin su," in ji shi.

Muka yi tafiya mai ɗan nisa a haka, roba tana ta kuka. Sannan ya jingina da kujera ya ɗora hannuwansa a cinya.

"Kashe, Mama. Kada robar ta cinye a banza."

Na kashe. Bai tambaye ni gada ba, bai gaya mini rami ba har muka isa. Da za mu dawo da yamma, na buɗe masa ƙofar gaba kamar kullum, sai ya laluba jikin motar ya wuce ta, ya buɗe ta baya ya shiga. A can yake zama har yau.